Ni da jakar dabo: yadda ake ciki da wasan bazden jarirai

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Toh bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta abin nan tun daga farko don na san halina, in ban rubuta ba nan da wata biyu zan manta inda na yi kuskure in sake maimaita shi. Autar Yaya za ta cika shekara ɗaya ranar 30 ga watan nan, za a ɗan yi mata bazde a gidansu a Malali nan Kaduna, ba wani gagarumi ba, 'yan uwa ne da maƙwabta da yaransu. Shi ne Yaya ta ce "ke da kike fama da 'yan nazare kullum ai ke za ki riƙe mana yaran nan kar su farfasa min falo." Ni kuma da shegen karambani na ce mata rufa-ido zan yi musu. Dariya ta yi har da riƙe ciki.

Kusan wata biyu ke nan ina ƙona data a YouTube wajen kallon masu dabon yara na Ingila da Amurka, can sana'a ce sosai, mutum ya ɗauko akwatinsa ya zo gidanku ranar bazde ya yi minti talatin ko arba'in a sallame shi. Mu nan abin da aka saba shi ne a ɗauko mai kayan Mickey Mouse ya yi ta rawa cikin zufa yara suna ihu suna ɓuya bayan iyayensu. Dabo kuwa sai a kasuwa, ɗan dabo ya tara jama'a kowa yana kallo hannunsa ɗaya na kan aljihu.

Yau na je Kasuwar Barci na ba tela ɗinkin jaka. Jakar ba wani abu ba ce, an raba cikinta biyu da ƙyalle irin na jikinta, ka sa abu a ɓangare ɗaya ka buɗe ɗayan a ga wayam. Sai da na yi wa telan bayani sau uku, ƙarshe ya ce "Hajiya aljihun ɓarayi dai kike so." Na ce eh shi. Na kuma samo guntayen soso wajen masu kushin na yanke su da almakashi suka zama 'yan ƙwallaye, ba su yi zagaye sosai ba amma za su yi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Hajiyarmu ta kama ni gaban madubi ina ɓatar da soso. Ba ta ce komai ba sai bayan isha'i ta kira ni ɗaki, "ke yanzu duk karatun da aka yi miki sai ki ƙare a tsatsuba?" Na buɗe mata hannu na nuna mata inda soson yake maƙale, ta ce ita dai a tambayi Malam.

Na tambaye shi yau bayan an tashi daga islamiyya. Bai ba ni amsar da nake so kai tsaye ba gaskiya. Ya ce malamai da yawa suna ƙyamar abin, wasu ma suna sa saurin hannu cikin sihirin ido, ya kawo ayar Suratul A'araf ta 116 inda aka ce matsafan Fir'auna sun sihirce idanun mutane. Sai ya tambaye ni me nake gaya wa yaran, ina ce musu ina da wani iko ne? Na ce a'a. Ya ce to kar in taɓa kiran abin sihiri, kar in yi wani surkulle da baki kamar mai karanta wani abu, kuma duk babban da ya tambaya in buɗe masa yadda ake yi ba ɓoye-ɓoye. Shi bazden kansa ma ya ce wata magana ce daban amma ba ita na zo tambaya ba, muka yi dariya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya ci karo da dokar masu sana'ar, su a wajensu tona asirin wasa babban laifi ne. Ni kam na ɗauki na Malam. Kuma na cire hura iska a dunƙulen hannu da suke yi kafin abu ya ɓace, don a idon mutanenmu tofi ne sak. Tafi uku za mu riƙa yi a madadinsa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Babban yatsan roba da na yi oda ya iso, wanda ake sawa a kan yatsa a cusa ɗan ƙaramin hankici a ciki a ce ya ɓace. Kalar fatar Bature ce. Ni ga ni baƙa ga jan lalle a yatsu, in na sa shi kamar na daki yatsan da guduma an naɗe min. Na shafa masa lalle bai kama ba, na gwada jan farce ya yi ƙyalli. Na jefa shi a durowa, kuɗina dai sun tafi.

Soso kuwa ya fara zama. Sirrin ashe ba a saurin hannu yake ba, a ido yake, duk inda na kalla nan mai kallo zai kalla, in na bi hannun da babu komai da ido kamar da gaske akwai abu a ciki shi ke nan an tafi da mutum. Sai dai dole in naɗe hannun riga in sa ƙaramin mayafi, da hijabi kowa cewa zai yi a ciki na zura.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da dare

Hmm. An yi, kuma ban ji daɗi ba.

Yara sun kai goma sha biyar, yawanci 'yan shekara ɗaya zuwa uku sai manya guda huɗu 'yan firamare. Na tsaya a bayan tebur kamar yadda na gani a bidiyo, na fito da Gizo ɗin da na ɗinka da baƙar safa mai ƙafafu takwas na ce gatanan gatananku, kafin a ce ta zo mu ji ta mai bazde ta tsandara ihu ta ƙanƙame Yaya, biyu suka taya ta. Na mayar da Gizo jaka da sauri. Na ɗauko soso na sa a hannu muka yi tafi uku na buɗe, babu. Abin da na yi sati huɗu ina koyo ke nan fa. Ƙananan ko a jikinsu, wani yana wasa da takalminsa wata tana kallon fanka. Manyan kuma suka haɗa baki "yana ɗayan hannun Anti! buɗe ɗayan!" Ana cikin haka wani ɗan shekara biyu ya tako tinƙis-tinƙis har gaban tebur ya ɗauki ƙwallon soso ɗaya ya tura a baki. Uwarsa ce ta yi wuf ta zaro, ni jikina har rawa yake.

Minti ashirin na shirya, ban kai tara ba na tattara. Iyaye mata dai sun yi ta ɗauka a waya suna "kai Anti kin iya", wato waɗanda ba don su na zo ba su ne suka ji daɗi. Yaya ta ce ai ya yi kyau. Yaya ce, me za ta ce.

Laraba, 4 ga Disamba

Na kwana huɗu ina juya abin, sai na tuna darasin halayyar yara da muka yi a NCE wanda na haddace don jarrabawa kawai. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, shi ya ce jariri sai ya kai wajen wata takwas yake fara neman abin da aka ɓoye masa, kafin nan in abu ya bar idonsa kamar ya bar duniya ne. Daga baya a shekarun 1980 wata mai bincike Renée Baillargeon ta nuna cewa jarirai 'yan wata huɗu zuwa biyar ma sukan daɗe suna kallon abu in an nuna musu abin da bai kamata ya yiwu ba. Wato suna lura. Amma lura daban, jin daɗi daban. Ɗan shekara biyu kullum a cikin abin mamaki yake kwana yake tashi, an danna bango wuta ta kawo, Baba yana magana a cikin waya alhali yana Abuja, an murɗa famfo ruwa ya zubo, to don soso ya ɓace a hannun wata Anti sai me? Sai wanda ya gama sanin yadda duniya take tafiya ne zai girgiza in an karya masa ƙa'ida, shi ya sa iyayen suka buɗe baki yaran suka kalli fanka.

Kuma abin haushin na san wannan a aji. Me ke sa 'yan ajina dariya har su faɗi? In na ɗora littafi a ka kamar hula, ko in kira kare da sunan akuya su yi ta gyara min. Babba ya yi shirme su kuma su gane shirme ne, nan daɗin yake. Ban san me ya sa da na riƙe jakar dabo na manta ba.

Ɗayar maganar ita ce ta soson nan, ita ta fi hana ni barci. Na duba ƙa'idar kayan wasan yara ta Amurka, suna da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ba a yarda a sayar wa 'yan ƙasa da shekara uku ba. A gida ana kwatantawa da kwalin tsakiyar tishu, shi ya ma ɗan fi faɗi. Soso kuma matsewa yake, ko ya fi bututun girma yaro zai iya cusa shi. Duk na zubar da ƙananan, zan yanko manya kamar lemo kuma ba za su bar hannuna ba. Balan-balan ma a fakitinsa an rubuta gargaɗi cewa wanda ba a hura ba ko wanda ya fashe yana iya shaƙe 'yan ƙasa da shekara takwas, mu kuwa a bazde sai ka ga guntayensa warwatse a kafet jarirai suna rarrafe a kai. Akwai wani ɗan yatsa mai fitila da na so saya, da na ga ƙaramin batir ne a ciki irin na agogo na fasa, haɗiye wannan batirin yana ƙona maƙogwaron yaro cikin awanni kaɗan.

Asabar, 21 ga Disamba

Na biyu, a Barnawa, ɗan abokiyar aikina ya cika biyu. Alhamdulillah wannan karon na dawo gida da murmushi.

Na bar tebur, na shimfiɗa tabarma na zauna dirshan a ƙasa tun kafin yara su taru, ban kira kowa ba ina ta hura kumfa abina, da kansu suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi iyayen su zauna da 'yan ƙananan a cinya maimakon su koma gefe suna hira. Gizo ya yi ritaya, na samo farin zomon wasan yara na gwanjo na farke bayansa hannuna yake shiga. Kuma ban zaro shi farat ɗaya ba, kunne ɗaya ya fara leƙowa daga kwali, ya koma, ya sake leƙowa.

Abin da ya tashi kan yaran shi ne wannan: in ce "wai ina Zomo ya shiga ne?" in juya ina dubawa ƙarƙashin tabarma, shi kuma ya leƙo ta bayana, su yi ta ihu "ga shi nan! ga shi nan!" in juyo ya nutse. Sau bakwai na yi wallahi, na bakwai ya fi na farko dariya. Babu dabo ko ɗaya a ciki. Masu sana'ar suna cewa kar ka taɓa maimaita wasa sau biyu gaban mutum ɗaya, to wannan dokar manya ce, 'yan shekara biyu maimaicin suke so don a karo na uku sun san abin da zai faru kuma sanin nan shi ne daɗin.

Jakar tela ma ta yi aiki amma a juye. Da ina sa abu ya ɓace, yanzu nuna ta nake babu komai, mai bazde ya zura hannu da kansa ya jawo ƙyalle ja, ya ja kore ya biyo, ya ja shuɗi ya biyo duk a ɗaure da juna har ya fi shi tsawo. Fitowar abu tana burge su, ɓacewa kuwa wani lokacin ma kuka take sawa, an ƙwace musu abu ke nan.

Matsala ɗaya, kumfa tana fashewa tun kafin ta tashi. Hunturu ne, iska a bushe take ruwan jikin kumfar yana saurin ƙafewa. Zan sayo giliserin a kyamis in ɗiga a ruwan sabulun.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Uku na yi cikin watan nan, biyu an biya ni. Na farkon da na karɓi kuɗi kunya ta hana ni faɗin farashi na ce a ba da abin da ya sauƙaƙa, abin da ya sauƙaƙan da na cire kuɗin keke zuwa da dawowa ko na giliserin bai rage ba. Yanzu tun a WhatsApp nake faɗa kuma rabi kafin ranar.

Jiya kuwa lokaci ne ya kashe ni. An ce ƙarfe huɗu bayan la'asar, ba a fara ba sai shida saura, yaran sun sha lemon kwalba sun ci kek sun gaji, ga lasifika kamar gidan biki, mai bazde barci take ji tana ta fizge-fizge. Ko wa aka kawo ba zai iya da su ba a wannan halin. Daga yau sharaɗina uku nake turawa uwar yaro: ni ce farko kafin abinci da kek, a kashe kiɗa in na fara, kuma ta gaya min lokacin barcin ɗanta mu kauce masa. Minti goma sha biyar ne wasan, wata ta ce kuɗin nan duk na minti sha biyar? Na ce Hajiya in na ƙara biyar ke za ki roƙe ni in tsaya.

Giliserin ya yi aiki, musamman in na haɗa ruwan tun daren jiya ya kwana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau sharaɗin Malam ya cece ni. A Unguwar Rimi ne, ina tsakiyar fito da ƙyallaye daga jaka sai kakar yaron ta miƙe tana a'uzubillahi ta sure jikanta, "wace ce wannan kuka kawo min gida take wasa da aljanu gaban jinjiri?" Falo ya yi tsit. Na rarrafa gabanta na gaishe ta na ce Hajiya don Allah riƙe jakar nan, na juya mata cikinta na nuna ƙyallen da ya raba ta biyu da ɗinkin telan Kasuwar Barci har da inda zare ya fara warwarewa. Ta jujjuya ta ta ce "au, ashe yaudara ce kawai ja'ira." Ƙarshe ita ta zauna tana yi wa jikokin, ta kasa gane wane ɓangaren ne wane, ƙyallen ya ƙi fitowa, yara suna ta kwasar dariya. Sai da na yi da gaske na karɓi jakata.

Wani abu kuma da na daina daga yau. A wasan satin da ya wuce na ciro soso daga bayan kunnen wani ɗan shekara uku, tsohon wasa ne kowa yana yi. Shekaranjiya uwarsa ta kira ni, ta kama shi a kicin yana ƙoƙarin tura ƙwayar wake a kunne wai zai yi irin na Anti. Allah ya tsare bai shiga ba. Babu sauran ciro abu daga kunne ko hanci ko baki, kuma ba na sa komai a bakina gabansu ko da wasa. Daga hula ko aljihu ko takalmin Zomo kawai.

Talata, 11 ga Maris

Azumi tun 1 ga wata, ba bazde ba komai, sai gyaran kaya. Yaran unguwa sun fara tashe, jiya na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu, wani ya cusa tsumma a riga ya yi ƙaton ciki ya manna gemun auduga yana tafiya yana faɗuwa, ƙananan da ke hannun iyayensu suna ta ƙyalƙyatawa. Abin da na sha wahalar ganowa a YouTube ga shi a ƙofar gidanmu tun ina yarinya. Zan ɗinka wa Zomo hula wadda ta yi masa yawa ta riƙa rufe masa ido.

Ina kuma haɗa littafin zane na dabo da hannuna, wanda in ka buɗe karo na farko shafuka farare, na biyu zane ba kala, na uku duk an shafe da kala. Gefen takardun ake yankewa a wurare daban-daban, in babban yatsa ya kama ta sama wasu shafuka ne ke buɗuwa, ta tsakiya wasu, ta ƙasa wasu. Na ɓata littafi biyu kafin na gane tsarin yankan. Wannan na yayyen mai bazde ne 'yan biyar zuwa bakwai, don su ne masu tona min asiri in na bar su ba aikin yi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, yau na koma fage, 'yan biyu mata a Kawo sun cika shekara ɗaya. Zafi ba a magana ga shi an ɗauke wuta, balan-balan ɗin da masu kwalliya suka jera a waje suna ta fashewa da kansu a rana, kowace fashewa sai wani jariri ya firgita. Na sa yayyen suka bi suka tsince guntayen tas kafin in shimfiɗa tabarma, na ce wanda ya fi tarawa shi zai riƙe littafin dabo.

Tsarin yanzu: kumfa, ɓuyar Zomo, hular Zomo, jaka da ƙyallaye, littafi don manyan, kumfa kuma a rufe. Dabo na gaske guda biyu ne kacal a ciki. Su 'yan biyun ɗaya ta yi barci tun a ɓuyar Zomo, ɗayar ta kama kunnensa ta ƙi saki sai da na ci gaba da wasan da ita a cinyata.

Abin da ban warware ba har yanzu shi ne 'yan wata goma zuwa shekara ɗaya da rabi masu ƙiwa, akwai waɗanda ko kumfa ba ta sa su sakin zanin uwa. Ranar 19 ina da wani a Unguwar Dosa, na roƙi uwar ta bari in leƙa gidan ranar Alhamis in gaishe su da Zomo a jaka, yaron ya fara sanin fuskata. Kunnen Zomo na hagu kuma yana buƙatar ɗinki kafin nan.